Yadda za ka yi da 'yan wariya a gem ɗin onlayin tun kafin su sa ka goge gem ɗin

Wani dare bayan isha'i an ɗauke wuta, zafi ya koro mu waje, ina zaune kan benci a ƙofar gida ƙanena na gefe yana buga gem ɗin harbin nan nasu na mutum huɗu-huɗu, da yake iyafis ɗinsa ya lalace sai ya bar sautin a sifika, duk abin da ake faɗa ina ji. Shi da abokinsa ne, sai gem ɗin ya cike musu da wasu baƙi biyu. Wasa na tafiya lafiya lau har sai da ya ce wa abokin nasa da Hausa, kai ga su can bayan dutse ka zagayo ta hagu. Shi ke nan fa. Ɗaya daga cikin baƙin ya kwashe da dariya ya ce au ashe aboki ne, ɗayan ya karɓe, daga aboki aka koma Boko Haram, daga nan aka ce ya ajiye waya ya je ya yi shushaina, ana ta kwaikwayon yadda yake Turanci. Yaron nan ya yi 'yar dariyar yaƙe, abokinsa ma ya tuntsire da dariya, wadda wallahi ita ta fi ƙona min rai, sai na ga ya kai yatsa ya kashe maik ɗinsa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Bayan kamar sati biyu na lura ya canza sunansa na gem, da akwai Arewa a ciki, yanzu ya koma wani sunan Turawa da ko shi bai iya faɗarsa daidai ba, kuma ya daina magana a wasa kwata-kwata sai dai ya riƙa danna alama a taswira kamar kurma.

Toh saboda irinsa nake wannan rubutun, da ƙannenmu mata da ke buga gem da sunan maza, da duk wanda ya taɓa ajiye waya bayan wasa ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi alhali nishaɗi ya je nema da datar da ya saya da guminsa. Kuma kar wani ya zo ya ce ai ragwantar yaran yanzu ce. A 2019 wata ƙungiya a Amurka mai suna ADL ta tambayi manyan mutane masu buga gem da jama'a a onlayin, kashi 74 cikin 100 suka ce an taɓa cin zarafinsu a cikin wasa, a cikin waɗanda abin ya shafa kuma kashi 53 suna ganin saboda ƙabilarsu ne ko launin fata ko addini ko jinsi ko nakasa da makamantansu, sannan mutum ɗaya cikin goma ya ce abin ya kai shi ga baƙin ciki mai tsanani ko tunanin kashe kansa. Manya fa, masu gemu, ba 'yan shekara sha biyar ba.

Abin da za ka fara koya shi ne raba tsokana da wariya, don in ba ka raba su ba ko dai ka zama mai fushi kan komai ko ka zama mai haɗiye komai, duka biyun kuma ba daɗi. Wanda ya ce maka kai wallahi ba ka iya harbi ba, ko ya ce golanka a eFootball kamar an ɗaure shi da igiya, wannan tsokanar wasa ce, a gidan gem na unguwa ma ana yin wadda ta fi ta, gobe kai ma ka ci shi ka rama. Abin da ka aikata yake magana a kai, kuma kana iya gyarawa. Amma da zarar maganar ta bar hannunka ta koma kan yarenka, garinku, addininka, fatarka, ko kasancewarki mace, to an bar wasa. Wani zai ce ai mu ma muna da barkwanci, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, suna faɗa wa juna maganar da ta fi wannan zafi. Gaskiya ne, amma can kowa ya san dokar wasan, kowa na da bakin ramawa, kuma in an gama tare za a ci abinci. Baƙon da bai san ko sunanka ba ya kira ka ɗan ta'adda saboda ya ji ka ce wallahi, wane taubashinka ne shi?

Yanzu tun kafin ka danna fara wasa, buɗe furofayil ɗinka ka kalle shi da idon wanda bai san ka ba. Da yawa mun shiga gem ne da Facebook saboda ya fi sauƙi, sai hotonka na sallah da hula da babbar riga ya biyo ka ciki, wani lokaci har da sunanka na gaskiya. Canza hoton zuwa ɗaya daga cikin na gem ɗin. Cire lambar waya daga wajen da ake rubuta bayani, na sha ganin yara sun rubuta lambar WhatsApp a nan wai don a saka su a guruf, cire sunan makaranta, cire unguwa. Shiga saitin ka duba wa ke iya turo maka neman abota, wa ke iya ganin tarihin wasanninka, in gem ɗin na da abin nan da ke nuna mutanen da ke kusa da kai kashe shi. Batun tuta da suna kuwa, nan ba zan ce maka ka ɓoye ba, kuma ba zan ce dole ka bari ba. Ni tutata na nan, sunana da Hausa yake, na zaɓi haka ne da sanin cewa wata rana za a taɓa ni a kai. Abin da ba na so shi ne irin na ƙanena, wanda ba zaɓa ya yi ba, kunya aka cusa masa ya cire. In ka ga yau ba ka da ƙarfin jin maganar banza, ka sa sunan da ba ya nuna komai ka huta, ba laifi ba ne, amma ka san kai ka yanke.

Adireshi kam babu zaɓi a ciki, kar ka bayar, ko na gaske ko na ƙarya. Mu nan in rai ya ɓaci bakinmu ya saba da in ka isa ka zo unguwa kaza layi kaza ka tambayi wane. A Disamban 2017 a garin Wichita na jihar Kansas a Amurka, musu ya haɗa wasu 'yan gem biyu kan cacar dala 1.50 a Call of Duty, ɗaya ya ba da adireshin gidan da ba nan yake zaune ba yana cika baki, aka sa wani ya kira 'yan sanda da rahoton ƙarya cewa an yi kisa ana garkuwa da mutane a gidan, 'yan sanda suka je suka harbe wani bawan Allah ɗan shekara 28 da bai san hawa ba bai san sauka ba, ko gem ɗin ba ya ciki. Wanda ya yi kiran an yanke masa shekara 20 a 2019. Dala ɗaya da rabi fa.

Sai maɓallin miyut. Kar ka yi dariya, mutane da yawa sun shekara suna buga PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty Mobile ba su san ana iya rufe bakin mutum ɗaya a bar sauran ba, su dai sun san kashe sauti gaba ɗaya, wanda kuma in ka yi shi ka cuci kanka don ba za ka ji abokinka na cewa ana zagayo ka ba. Nemi alamar sifika da ta maik a gefen fuskar wasan, yawanci kusa da ƙaramar taswira suke, danna ta sifikar za ka ga zaɓin jin kowa da kowa, ko 'yan tim ɗinka kawai, ko ba kowa, da kuma sunayen 'yan tim ɗin ɗaya-ɗaya. Bar shi a kan tim kawai, domin mafi munin ƙazantar baki a lobi, wato wajen jiran fara wasa, ake zubar da ita kafin jirgi ya tashi, inda mutane rututu ke ihu lokaci ɗaya. Kuma ka gwada dannawar nan tun kana cikin natsuwa, sau biyu sau uku har yatsanka ya haddace, saboda lokacin da aka zagi mahaifiyarka ana kuma harbinka ta baya ba lokacin neman maɓalli ba ne.

Ni dokata ita ce jimla ɗaya sannan miyut. In mutum ya fara sai in ce masa, da yaren da zai ji, malam wasa muka zo yi bar wannan maganar. In ya bari shi ke nan, wasu suna bari fa, musamman yara da ke kwaikwayon abin da suka ji a layib ɗin wani. In ya ƙara, na rufe shi ba tare da sanarwa ba, ba sai na ce na yi miyut ɗinka ba, don wannan ma abinci ne a wajensa. Na san abin da ke zuciyarka, kana cewa ni in yi shiru a zage ni? Na gwada ramuwar, ba sau ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne ka ɓata minti ashirin kana musayar ashar da mutumin da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, hankalinka ya bar wasan a kashe ka a banza, rankinka ya sauka, shi kuma ya samu abin da ya zo nema, mai yiwuwa ma yana ɗauka ya ɗora a TikTok an yanke nasa an bar naka. Tun 2004 wani masanin halayyar ɗan'adam John Suler ya yi bayanin abin nan, cewa mutum in ya san ba a ganinsa ba a san sunansa ba, birkin bakinsa kan tsinke. Mutumin nan da za ku haɗu a layin banki sannu zai ce maka. Ba a rama gayya da fushi dai. Kuma in ka rama da irin nasa aka kai ƙara, ku biyun za a hukunta, ba wanda zai tsaya binciken wa ya fara. Haka jefa masa gurneti ko take shi da mota don huce haushi, a PUBG Mobile akwai makin ɗa'a da suke kira merit, kashe ɗan tim na zaftare shi, in ya yi ƙasa da 60 ba za ka ƙara buga na mutum biyu ko huɗu ba sai ka yi ta buga na kai kaɗai har ya farfaɗo, ka ga an zage ka kuma an kore ka daga cikin abokanka.

Rifot kuma a yi shi yadda zai yi amfani. Kafin ka fita daga shafin sakamako ɗauki sikirinshot na sunansa, in da hali shiga furofayil ɗinsa ka ɗauki lambar ID, don suna ana canza shi da kati ɗaya amma lambar na nan daram. In rubutu ya yi a cat ɗauki hoton rubutun. In da baki ne, yawancin wayoyin yanzu har ƙananan Tecno da Infinix suna da abin ɗaukar bidiyon fuskar waya a saman nan da ake jawowa ƙasa, saita shi tun da wuri ya riƙa ɗaukar sautin cikin waya. Masu PS5 suna iya tura guntun murya na daƙiƙa 40 daga hirar da aka yi, masu Xbox kuma daƙiƙa 60. Wajen zaɓen dalili ka zaɓi na zagi ko kalaman ƙiyayya, kar ka danna na satar wasa don kana ganin ya fi saurin jawo ban, wato rufe akawun, in aka duba ba a ga yana cuta ba ƙarar ta mutu a nan. Sai ka rubuta gajeren bayani, abin da ya faɗa da lokacin da ya faɗa, ba wa'azi ba. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: kamfanonin nan sun fara sa na'ura tana sauraron murya, Riot ta fara gwaji a Valorant a 2022, Activision ta kawo ToxMod cikin Call of Duty na kwamfuta da na kan talabijin a 2023, amma dukkansu da Turanci suka fara kuma a Arewacin Amurka. Don haka in da Hausa aka ci mutuncinka ko da Fijin ko Larabci, kar ka zauna jiran na'ura, kai ne za ka rubuta kalmar ka faɗi ma'anarta. Kalma kamar aboki ma, wanda ke duba ƙarar in ya nemi fassara abota zai gani, sai ka bayyana masa yadda aka yi amfani da ita. Haka abid ɗin nan da wasu ke jefa wa baƙar fata a sabar Gabas ta Tsakiya, wato bayi, rubuta ta ka fassara. Bayan rifot sai bulok, ka wuce, kar ka zauna kana leƙa akawun ɗinsa kullum ko an rufe.

'Yan'uwa mata, naku daban ne kuma ya fi nawa nauyi, ban isa in ce na san zafinsa ba, amma na ji da kunnena abin da ke faruwa a daƙiƙar da mace ta buɗe maik ta ce akwai mutum a saman bene. Wasan ya tsaya ke nan. Ɗaya ya ce kina da aure, ɗaya ya ce turo lamba, ɗaya ya ce tashi ki je kicin, sai kuma ustazun sikwad wanda shi ma ƙarfe ɗayan dare yana nan yana harbin mutane amma ya ga ya dace ya tambaye ki mace da gem ina tarbiyya. In kin yi kil goma a ce yayanki ne ya buga miki, in an kashe ki da wuri a ce ai dama. An ma auna abin nan. Wasu masu bincike a Amurka, Kuznekoff da Rose, sun shiga Halo 3 da muryar da aka naɗa, wani lokaci ta namiji wani lokaci ta mace, kalmomin iri ɗaya, sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna muryar mace ta sha baƙar magana ninki uku na ta namiji. A 2015 da aka sake duba irin wannan wasan sai aka ga mazan da ba su iya ba, waɗanda ake ta kashewa, su suka fi yi wa macen rashin kunya, gwanayen kuwa sun fi sakin fuska. Ki riƙe wannan a ranki duk ranar da wani ya buɗe baki, yawanci ki duba allon maki kawai za ki gane ciwonsa. Wani bincike kuma na Reach3 da Lenovo a 2021 kan mata 900 a Amurka da Jamus da Sin ya samu kashi 59 cikin 100 suna ɓoye cewa su mata ne in suna wasa.

Shawarar da zan iya ba ki: in da baƙi kike, fara da alamomi da saƙonnin gaggawa na cikin gem ɗin, ki saurari bakinsu minti biyu uku kafin ki buɗe naki, za ki gane ko mutanen kirki ne. Kar ki karɓi kyautar UC ko dayamon, wato kuɗin cikin gem, daga wanda ba ki sani ba, wallahi ba kyauta ba ce, bashi ne da za a zo karɓa da turo hoto mana ai ni na saya miki kaza. Kar ki bar hira ta tashi daga gem ta koma lambar wayarki, in dole sai an yi magana a waje akwai manhajar hira ta Discord da ba ta nuna lamba. In wani ya dame ki ki faɗa wa sauran 'yan sikwad ɗin ƙarara, yadda suka amsa shi zai nuna miki ko wajen zama ne.

Akwai kuma wariyar da ba a cika kiranta wariya ba, ta aljihu. An ga ba ka da sikin, kayanka na kyauta ne, sai a fitar da kai daga rum tun ba a ga harbinka ba, a ce bot ne, nub ne, wato bai iya komai ba. Wayarka na lagin, fing ɗinka, wato ma'aunin jinkirin netwok, ya yi ja saboda netwok ɗin garinku, a ce ka je ka sayar da itel ɗinka ka sayi gyaɗa. Turawa ma na fama da shi, a Ingila ofishin kwamishinar yara ya fitar da rahoto a 2019 inda yara ke cewa ana yi musu gori a Fortnite in suna sanye da kayan da gem ke bayarwa kyauta. Illarsa a nan ita ce yaro ya kwashe kuɗin makaranta ko ya lallaɓa wayar Hajiya ya yi taransifa don ya sayi rigar da ba ta tare harsashi ko ɗaya, ko ya faɗa shafukan nan masu alkawarin UC kyauta ya ba su faswod su tafi da akawun ɗin gaba ɗaya. Kar ka sayi komai don rufe bakin wani, in ka sayi wannan gobe wani sabo zai fito su ce naka tsoho ne. Abin da zai taimake ka da gaske ba ya cin ko sisi: sauke girafik zuwa mafi ƙasa, rufe sauran manhajoji, cire wayar daga kwas in ta yi zafi, zaɓi sabar da ta fi ba ka ƙaramin fing, amma ka yi tunani kafin ka canza don a PUBG Mobile in ka canza sai ka jira wani lokaci kafin a bar ka ka sake canzawa.

Duk waɗannan dabarun kare kai ne, maganin da ya fi su shi ne ka daina dogara da baƙi. Haɗa mutanenka. Duk wanda kuka buga da shi ka ji bakinsa da tsabta, ko bai iya sosai ba, tura masa neman abota, cikin wata ɗaya za ka tara mutum goma sha, ku buɗe guruf, in ba ku cika huɗu ba kashe maɓallin da ke cike muku gurbi da baƙi ku shiga ku uku, gara ƙarancin hannu da ɓacin rai. Ku sa doka gajeriya tun ranar farko, ba zagin iyaye, ba ƙabila, ba addini, ba neman lambar mace. Inda ake faɗuwa shi ne ranar da gwanin cikinku, wanda ke ɗauke ku zuwa babban ranki, shi ya karya dokar, sai kowa ya yi tsit admin ya ce a yi haƙuri ai haka yake. Toh daga ranar dokar ta zama ado. In ba za ku iya cire shi ko na sati ɗaya ba ku goge dokar kawai ku huta da munafunci.

Kai kuma da ba kai ake zagi ba, ka tuna dariyar abokin ƙanena. Baƙon nan an manta da shi washegari, amma dariyar na kusa ita ta zauna. Ba a ce ka yi dambe ba, cewa za ka yi kai bar wannan, ɗan'uwana ne, sannan ka miyut ɗin mutumin kai ma ka danna rifot, ƙara biyu ta fi ɗaya. Bayan wasa ka ce wa naka wancan ɗan iska ne share shi mu sake shiga. Bai fi daƙiƙa biyar ba.

Laifi tudu ne kuma, bari in taka namu. Mu ɗin nan da ke jin zafin aboki, sau nawa muka ji muryar ɗan kudu a sikwad wani ya ce da Hausa ga nyamirin nan ko ga arnen nan ku bar shi ya mutu kar a tashe shi, muka yi dariya don mun san ba ya ji? Sau nawa aka kwaikwayi Basakkwace ko mutumin Maraɗi ko Damagaram, aka ce Hausar ƙauye ce, ko ɗan Zangon Kumasi ya yi magana aka ce wannan gwaranci fa? Har ɗan Izala da ɗan ɗariƙa na ji an yi a cikin wasan da dukkanmu mun bar sallar asuba na neman kuɓuce mana saboda shi. Ni kaina na taɓa yin dariyar, ba zan yi ƙarya ba. In za ka kai ƙarar wanda ya kira ka Boko Haram, yatsan nan dai shi za ka danna wa naka in ya yi irinta.

Sai ka riƙa duba kanka. In ka ga kana fargabar buɗe maik, ko ka kwanta maganar wani tana ta yawo a kanka, ko ka tashi daga wasa ka huce a kan ƙannenka ko matarka, ko ka fara jin kunyar yarenka, to abin ya wuce fuskar waya. Bayan wasa mai zafi kar ka danna sake shiga nan take, ajiye wayar, sha ruwa, fita ƙofar gida minti goma. In ya taru, bar gem ɗin kwana biyu uku, ranki ba ya guduwa da ranka. Faɗa wa wani da baki, aboki ko yaya, in kuma tunanin ya kai ga cutar da kanka wannan maganar likita ce, a je asibiti ba ɓata lokaci. Iyaye da yayye, don Allah in yaro ya zo ya ce an zage shi a gem kar amsar farko ta zama kawo wayar nan dama na hana ka, in kuka yi haka ba zai ƙara faɗa muku komai ba, har ranar da wani babba zai fara neman hotonsa. Ku zauna ku ce nuna min, ku yi bulok ɗin tare, maganar yawan wasa a yi ta wata rana daban.

In kuwa abin ya fito daga gem, an samo lambarka ana kira, ana barazanar kisa ko yaɗa hotunanki, nan ba maganar miyut ba ce. Adana komai, kar ka goge saƙo ko ɗaya, kar ka tura kuɗi don a ƙyale ka. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, sashe na 24 ya taɓo barazana ta intanet, sashe na 26 kuma zagi da barazana saboda ƙabila ko launin fata ko addini, kuma rundunar 'yan sanda na da cibiya ta musamman kan laifukan intanet. Tafi da babba, da hotunan a waya da kuma a takarda.

Shi ƙanen nawa sai da na yi wata guda kafin na iya ɗauko masa maganar, muna cin tsire, na ce wai ni ina Arewan da ke sunanka ta tafi. Ya ce Yaya bar shi kawai, surutu ya yi yawa. Na karɓi wayar na nuna masa inda ake rufe bakin mutum ɗaya, ashe bai sani ba, shekara biyu yana wasan. Yanzu su biyar ne a guruf ɗinsu, akwai wani ɗan Maraɗi, akwai wani yaro daga Inugu da suka koya wa hagu da dama da ga su nan, shi kuma yana faɗa da ƙarfi ko ba kowa a wajen. Abokin nan mai dariya yana ciki, sun yi maganarsu su biyu ban tambayi yadda ta ƙare ba. Shekaranjiya ya same ni ina shirin fita ya ce Yaya ka ɗan cika min kuɗin katin canza suna mana, na ce wane sunan kuma za a koma, ya ce na da. Na ce ya jira ƙarshen wata.